Waiwaye: Yadda kiɗa, hira da taurari da nasihar minti uku suka zauna inuwa ɗaya a shirin safe na Radio 2

Bahaushe ya san BBC da labaran duniya, tun da aka buɗe Sashen Hausa a 1957. Amma a cikin Birtaniya kanta, tashar BBC da ta fi kowace jama'a ba ta labarai ba ce. Radio 2 ce, ta kaɗe-kaɗe da raha, kuma shirinta na safe ya shafe shekaru da dama yana kan gaba a yawan masu saurare a ƙasar. Awa uku ake yi ana sakin waƙoƙin zamani, ana faɗin inda hanya ta cunkushe, ana wasa da dariya da wani ɗan fim ko mawaƙi. Can tsakiyar wannan hayaniya sai a tsagaita, a miƙa makirfo ga wani limamin coci, ko malamin Yahudawa, ko Musulmi, ko mabiyin addinin Sikh, ya yi magana ta kusan minti uku a kan rayuwa. Sunan wannan gurbi Pause for Thought, kuma ya fi duk wanda ya taɓa gabatar da shirin a wannan ƙarni daɗewa a tashar.

Asalin abin daga John Reith yake, shugaban BBC na farko, ɗan wani limamin coci daga Scotland. Mutum ne mai ra'ayin riƙau, wanda yake ganin rediyo makaranta ce kafin ta zama dandali. A zamaninsa ranar Lahadi ta ibada ce da kiɗa mai nauyi, har mutane suka riƙa murɗa akwatinsu zuwa Radio Luxembourg don su sha iska. Tun 1928 ake watsa addu'ar kullum a BBC. Da aka kafa tashar nishaɗi ta Light Programme a 1945, ita ma ba a bar ta haka ba: daga 1950 aka saka mata ɗan shiri mai suna Five to Ten, ƙarfe goma saura minti biyar, inda ake ba da labari, a rera waƙar coci, a yi addu'a.

Kiɗan zamani kuwa da ƙyar ya samu shiga. Akwai yarjejeniya da ƙungiyar makaɗa da kamfanonin faifai da ta ƙayyade awannin da BBC za ta sa faifai, don kada makaɗan da ke kaɗawa kai tsaye su rasa abinci. Matasa suka gaji. A 1964 Radio Caroline ta fara watsa shiri daga jirgin ruwa a kan teku, inda dokar Birtaniya ba ta kai ba, wasu suka bi sahu. Gwamnati ta haramta su a watan Agusta 1967, BBC kuma ta gane cewa in ba ta ba mutane abin da suke so ba, wani zai ba su. Ranar 30 ga Satumba 1967 aka haifi Radio 1 don matasa, Light Programme kuma ta koma Radio 2 don iyayensu. A 1970 aka ajiye Five to Ten, Pause for Thought ya gaje shi. A wannan shekarar ce kuma Radio 4 ta fara nata, Thought for the Day, a cikin shirin labaran safe.

Wanda ya ba shirin safen kamanninsa shi ne Terry Wogan, ɗan Limerick ta ƙasar Ireland, tsohon ma'aikacin banki. Ya karɓa a 1972, ya tafi talabijin a ƙarshen 1984, ya dawo a Janairu 1993, ya zauna har Disamba 2009. A zuwansa na farko bama-baman IRA, ƙungiyar 'yan bindigar Ireland mai yaƙi da mulkin Birtaniya a Ireland ta Arewa, na tashi a biranen Ingila, ga kuma murya mai karin harshen Ireland tana tashin miliyoyin Turawan Ingila daga barci kowace safiya, suna kuma sonta. Wogan bai cika damuwa da gayyato taurari ba. Jarinsa wasiƙun masu saurare ne. Sukan rubuto da sunayen ƙarya na ban dariya, su zolaye shi, su zolayi tsufansu, shi kuma ya karanta yana shaƙewa da dariya har maganar ta gagara. Mutum wajen miliyan 8 ne ke sauraronsa kafin ya sauka. Ƙarfin shirin ya kai ga Eva Cassidy, mawaƙiyar Amurka da ta rasu a 1996 ba a san ta ba, ta hau saman jerin faifan da aka fi saye a Birtaniya a 2001, bayan Wogan da furodusansa Paul Walters sun yi ta sa waƙoƙinta.

Wani abin lura shi ne, Wogan da bakinsa ya ce ya rabu da imani, duk da cewa limaman Katolika ne suka karantar da shi. Duk da haka kowace safiya wajen ƙarfe tara da kwata yakan tarbi mai nasiha, ya tsokane shi, sannan ya yi shiru ya saurara. Ɗaya daga cikinsu, Fada Brian D'Arcy, ya zama amininsa har ƙarshen rayuwarsa a Janairu 2016. A ganina a nan ne gurbin ya samu hanyar tsira. Ya daina zama huɗuba daga kan mumbari, ya koma baƙo ne ya shigo ɗaki ana tsaka da hira, aka matsa masa ya zauna. Mai magana yakan fara da wani ƙaramin abu, layin asibiti ko saɓani da maƙwabci, sai can ƙarshe ya jawo aya ko karin magana daga addininsa.

Chris Evans, wanda ya karɓa a Janairu 2010, shi ya cika shirin da taurari da makaɗa masu kaɗawa kai tsaye a ɗakin watsa shiri, musamman ranar Juma'a. Da yawa sun ɗauka mutum mai rawar kai irinsa zai yi waje da nasihar. Bai yi ba, sau da yawa ma a gaban baƙin nasa ake yin ta, fitaccen mawaƙi na zaune yana sauraron limami. Cikin masu zuwa akwai Richard Coles, wanda shi kansa tsohon makaɗin ƙungiyar Communards ne kafin ya zama limamin cocin Ingila, da Sarah Joseph, Baturiya Musulma mai mujallar emel. A 2014 masu sauraron Evans sun kusa miliyan 10.

Ba kowa ke murna da irin wannan gurbi ba. Masu cewa ba ruwansu da addini sun daɗe suna ƙorafin cewa da kuɗin lasisin talabijin da jama'a ke biya don tafiyar da BBC ake ba masu addini fili. Rigimar ta fi zafi a kan na Radio 4: a 2002 fitattun mutane sama da 100 suka sa hannu a takardar neman a buɗe shi ga marasa addini, a 2009 hukumar da ke sa ido kan BBC ta ƙi amincewa. Ƙidayar 2021 ta ƙara musu hujja, domin a Ingila da Wales Kiristoci sun sauka zuwa kashi 46.2 cikin 100, marasa addini sun kai kashi 37.2, Musulmi kashi 6.5. Na Radio 2 bai sha suka haka ba, watakila don ba ya taɓa siyasa. Sai dai wannan ma aibi ne a wurin wasu masu addinin, da ke ganin an tace maganar har ba ta da yaji, kowa ya ji ya gyaɗa kai, ba wanda ta tsikara. Akwai gaskiya a ciki. Amma kuɗin lasisin nan da ake ƙorafi a kai shi ne ya riƙe gurbin. Da tashar talla ce, minti uku da safe kuɗi ne tsababa, da tuni an sayar wa kamfanin inshora.

Zoe Ball ta gaji Evans a Janairu 2019, mace ta farko da aka damƙa wa shirin dindindin. Albashinta, da ya haura fam miliyan 1.3 a shekara kafin ta nemi a rage, ya fi shirin nata jawo surutu a jaridu. Masu saurare kuma suka ragu zuwa ƙasa da miliyan 7, yayin da tsofaffin masoya suka riƙa komawa tashoshin kasuwa irin su Greatest Hits Radio, inda Ken Bruce, daɗaɗɗen mai gabatar da shiri a Radio 2, ya koma a 2023, matasa kuma suka koma wayoyinsu. Ta sauka a Disamba 2024, Scott Mills ya hau kujerar a ƙarshen Janairu 2025 da sabon salo da sababbin wasanni, Pause for Thought kuma na cikin abubuwan da ya tarar ya bari a jadawalin.