Dokar ciyawa a Las Vegas: me ta hana, me ta bar wa mai gida?

Las Vegas birni ne a tsakiyar hamadar Mojave, a jihar Nevada ta Amurka. Ruwan saman da yake samu a shekara wajen inci 4 ne kawai, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan famfonsa daga Kogin Colorado ake jawo shi, ta tafkin Mead. Tafkin ya daɗe yana ja da baya, har a watan Agustan 2021 gwamnatin tarayya ta ayyana ƙarancin ruwa a kogin, karo na farko a tarihi.

A watan Yunin shekarar ne Gwamna Steve Sisolak ya sa hannu a dokar da ake kira AB 356. Ta ce daga farkon 2027 ba za a ƙara shayar da ciyawar ado da ruwan kogin ba a yankin Las Vegas. Ciyawar ado ita ce wadda ba mai taka ta sai mai yankanta: ta tsakiyar titi, ta shataletale, ta gaban ofisoshi da kantuna. Filin ƙwallo da wurin wasan yara ba sa ciki.

Me ya sa aka sa ciyawa a gaba, aka bar wanka da wanki? Ruwan da aka yi amfani da shi a cikin gida yana bin kwata zuwa matata, a tace shi a mayar tafkin Mead, kuma duk galan ɗin da aka mayar, ana ba birnin damar sake ɗibar kwatankwacinsa. Wanda aka fesa wa ciyawa kuwa ya tafi ke nan, rana da ƙasa sun shanye. A lissafin hukumar ruwa ta kudancin Nevada, kowane murabba'in ƙafa na ciyawa da aka maye gurbinsa da tsirran hamada yana rage galan 55 a shekara.

Mai gidan kansa na iyali ɗaya, dokar ba ta tilasta masa tuge komai ba. Amma kada ya ɗauka an ƙyale shi. Tun 2003 aka hana shuka ciyawa a ƙofar sabbin gidaje, a 2022 kuma aka hana har a bayan gida. Wanda ya tarar da tsohuwar ciyawa, an yanka masa ranakun ban ruwa: rana ɗaya a mako lokacin sanyi, uku a tsaka-tsakin yanayi, shida lokacin zafi. Ranar Lahadi babu, kuma daga Mayu zuwa Agusta ba a kunna feshi tsakanin ƙarfe 11 na safe da 7 na yamma. Ma'aikatan hukuma suna zagaya unguwanni a mota. In suka ga ruwa na kwarara daga gidanka zuwa titi sai su ɗauki hoto su bar gargaɗi, in ka maimaita tara ta biyo baya.

Sai kuma ɓangaren lallashi. Tun 1999 hukumar ke biyan mutane kuɗi a kan kowane murabba'in ƙafa da suka tuge. Sharuɗɗan ne mutane ke tuntuɓe a kai. Sai an zo an auna ciyawar kafin ka taɓa ta. Ka riga ka tuge, ba ko sisi. Ba kuma a yarda ka malale wurin da siminti ba. Dole a sa tsirran da idan sun girma za su rufe rabin filin, a shimfiɗa tsakuwa ko abin da ruwa ke ratsawa, a ja siririyar tiyo mai ɗigo a gindin kowace shuka. Kana kuma sa hannu cewa ciyawa ba za ta dawo wurin ba, ko da gidan ya koma hannun wani.

Ƙungiyoyin masu gidaje na unguwa, waɗanda a Amurka kan ci mutum tara saboda fentin ƙofa ma, dokar jihar ta hana su haramta lambu mai jure fari. Iyakarsu su duba zane, su ce a gyara kaza.

Inda nake ganin tsarin bai gama nuna ba shi ne batun itatuwa. Bishiyar da ta shekara ashirin tana shan ragowar ruwan ciyawa, saiwoyinta sun bazu sama-sama a faɗin filin. Aka tuge ciyawa aka ɗora mata bakin ɗigo biyu a gindi, sai ta fara zubar da ganye, a garin da zafin Yuli kan haura digiri 40. Mai irin wannan bishiya sai ya kewaya tiyon har iyakar inda inuwarta ke kaiwa.