Mene ne "mil" ɗin katin bashi na kamfanonin jiragen sama?

Wanda ya zauna a Amurka ko Ingila ya saba jin ana cewa wane ya sayi tikiti da mil. Sunan na ruɗarwa. Mil ɗin nan ba tazarar hanya ba ce, maki ne da kamfanin jirgi ke bugawa kamar kuɗinsa na kansa, ya sayar wa banki a sari, bankin kuma ya riƙa raba wa masu riƙe da katin bashinsa a matsayin gyara duk lokacin da suka yi sayayya. Kamfanin American Airlines ya buɗe shirinsa na AAdvantage a 1981, lokacin ana lissafi da nisan da fasinja ya yi a sama. Yau mutum na iya tara dubbai bai taka filin jirgi ba, daga cefane da shan mai kawai.

Kowane kamfani da bankin da ya ƙulla da shi: Delta da American Express, United da Chase, American Airlines da Citi. Cinikin ba ƙarami ba ne, domin a 2023 kaɗai Delta ya karɓi kusan dala biliyan 6.8 daga American Express. Ina kuɗin ke fitowa? Daga kason da ake yanka wa mai shago a kowace sayayya, wanda a Amurka ke kai kashi 2 cikin ɗari, sai kuɗin shekara, sai kuɗin ruwan waɗanda suka kasa biya a kan lokaci. Tarayyar Turai ta taƙaita wancan kason zuwa kashi 0.3 tun 2015, shi ya sa katunan can ba su kai na Amurka sakin hannu ba.

Wajen neman katin a Amurka, banki zai tambayi suna, adireshi, kuɗin shigar shekara da lambar shaidar haraji, sannan ya leƙa tarihin bashin mutum. Ma'aunin FICO, wato makin da ke nuna yadda mutum ke biyan bashi, na tashi daga 300 zuwa 850, kuma irin waɗannan katunan sun fi son mai 670 zuwa sama. Leƙen da kansa na rage 'yan maki, tabonsa ya zauna shekara biyu a takarda, ko an ba ka katin ko an hana. An san Chase da ƙin wanda ya buɗe kati biyar cikin wata 24, American Express kuma yawanci sau ɗaya yake ba mutum kyautar maraba a kan kati guda. Sabon zuwa da bai da tarihin bashi ko kaɗan gara ya fara da ƙaramin kati na shekara guda tukuna.

Kyautar maraban nan ita ce tsokar. Za a ce mil 50,000 ko 60,000 idan ka kashe, misali, dala 3,000 a wata ukun farko. Kwanakin na fara ƙirguwa daga ranar da aka amince da kai, ba ranar da katin ya iso gida ba, kuma kuɗin shekara, cire tsabar kuɗi da kayan da aka mayar shago ba sa shiga lissafi. Da yawa a nan suke faɗuwa, da giɓin dala ashirin.

To, nawa mil ɗaya take? Raba farashin tikiti da mil ɗin da ake nema. Tikitin dala 400 da ake bayarwa a mil 30,000 da harajin dala 11.20 ya nuna kowace mil ta kai santi 1.3. Tsakanin santi 1 da 1.5 aka fi samu. Ɗauki mai kashe dala 1,000 a wata, mil ɗaya kan kowace dala: shekara ta ba shi 12,000, wato kimanin dala 150. Cire kuɗin shekara na dala 95 zuwa 150, ka ga abin da ya rage. Katin da ke mayar da kashi 2 tsaba, ba kuɗin shekara, da ya ba shi 240. Saboda haka bayan shekarar farko ba mil ke riƙe katin ba, sauran alfarmar ce: jakar farko kyauta, shiga jirgi da wuri, wani lokaci tikitin abokin tafiya. A 2025 jaka ta ci wajen dala 35 zuwa 40 kowace tafiya a cikin Amurka, iyali mai mutum huɗu sun fanshe kuɗin shekara a zuwa da dawowa ɗaya. Amma a karanta sharaɗi: United na so a biya tikitin da katin, na American kuwa zirga-zirgar cikin gida ya shafa. Mai hangen zuwa gida ta jirgin Delta daga Atlanta zuwa Legas ya duba ko tikitinsa dama ya haɗa da jaka.

Babban ramin shi ne kuɗin ruwa, wanda a kan waɗannan katunan ya haura kashi 20 a shekara. Bashin dala 2,000 da aka bari ya kwana a kan kashi 24 zai ci dala 480 a shekara, ya lashe mil ɗin shekara uku. Wanda ke biyan duka kafin ranar wa'adi ba a caje shi ko sisi na ruwa. Duk da haka malamai sun saɓa kan halascin sa hannu a yarjejeniyar da ke ɗauke da sharaɗin riba, ko da ba za a taɓa biyan ta ba. A Dubai bankin Emirates Islamic na da katin Skywards, shirin mil na kamfanin jirgin Emirates, da aka tsara bisa shari'a.

Sannan kamfanin da ya buga mil shi ke yanke mata daraja. Delta ya janye jadawalin farashin tikitinsa da mil a 2015, United ya bi sahu a 2019, yanzu mil ɗin da ake nema na hawa da sauka tare da kasuwa, lokacin hutun Disamba ta ninka. British Airways kuma na ɗora ƙarin caji da kan kai ɗaruruwan daloli a kan tikitin da ake kira kyauta. Mil ba ta haihuwa a ajiye, don haka da ta isa tikitin da ake so, a kashe ta.