Waiwaye: yadda Turawa suka rage wa rago kitse

A kasuwar dabbobi ta Marwa, a arewacin Kamaru, in Layya ta gabato, mai saye sai ya shafa gadon bayan rago, ya matsa gindin wutsiya, kafin ya yi tayi. Kitse yake lalube. A Turai kuwa shekaru da dama ke nan makiyaya suna ƙoƙarin raba tumaki da shi.

Su ma da farko kitsen suka bi. A ƙarni na 18 wani manomi a Ingila, Robert Bakewell, ya riƙa haɗa barbara har ya fitar da irin tunkiya mai saurin ƙiba, domin a lokacin kakide kuɗi ne: da shi ake kyandir da sabulu. Lamarin ya juya daga wajajen 1950, da likitoci suka fara danganta kitse mai daskarewa da ciwon zuciya. Masu cefane suka guje shi, mahauta suka karya farashinsa. Sai ido ya koma kan tumakin tsibirin Tesel na Holan, masu tsoka da ƙarancin kitse, aka kuma shiga auna kaurin kitsen baya da na'urar da ake duba masu ciki, a zaɓi ragon barbara.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, in yawan kitse ya ragu, irinsa ma yana sauyawa. Maiƙon da ke cikin tsoka kashi biyu ne: na ajiya, da wanda ke jikin bangon ƙwayoyin tsokar, mai ruwa-ruwa, wanda likitoci suka fi so. Na biyun kusan ba ya motsi. Saboda haka in na ajiya ya ja baya, kason mai ruwan sai ya ƙaru a lissafi, ba don an samu ƙari ba. Sannan dabba tana ƙiba jikinta yana mayar da wani sashe na asid sitiyarik mai tauri zuwa oleyik, irin na man zaitun. Ke nan ɗan kitsen ajiyar da ya rage wa marar ƙiba yakan fi tauri.

Kuma duk wannan canji ƙarami ne, don tumbi ke da ta cewa. Ƙananan halittun da ke cikinsa suna daskarar da yawancin man da tunkiya ta ci, shi ya sa romon rago ke kama dasashi da zarar ya huce.

Namu Uda da Balami ba wanda ya tace su haka. Doguwar tafiya da rani suka yi aikin. Sai an ɗaure su a turke, ana zuba harawa da dusa da ƙulin auduga na kamfanin Sodecoton, kitse ke taruwa, galibi kewayen ƙoda da hanji. Mai balangu ya yi murna, mai kilishi ya sa wuƙa ya fere.