Rawar mata wajen kusanto da uba ga renon 'ya'yansa

Rawar mata wajen kusanto da uba ga renon 'ya'yansa wani fanni ne na nazarin iyali wanda yake duba yadda halin uwa, da furucinta, da irin yardar da take nuna wa mijinta suke ƙara ko rage yawan hidimar da yake yi wa yaro da hannunsa. Uwa ce aka fi nazari a kanta, ko da yake kaka da suruka da ungozoma da malamar makaranta su ma suna da tasiri. Abin da ake nufi da uba mai kusanci shi ne wanda bai tsaya ga ciyarwa da tufatarwa kaɗai ba, yana ɗaukar yaro, yana rarrashinsa, yana sanin ranar rigakafinsa ba tare da an tuna masa ba.

Tarihin nazarin

Har zuwa bayan tsakiyar ƙarni na 20, yawancin binciken da aka yi a kan girman yaro ya karkata ne ga uwa, musamman bayan rahoton da likitan ƙwaƙwalwa ɗan Birtaniya John Bowlby ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya a 1951 game da muhimmancin kulawar uwa ga lafiyar tunanin yaro. A 1975 ne masanin halayyar ɗan Adam Michael Lamb ya ja hankalin masana da cewa an manta da uba a wannan fage. Daga baya, wajen tsakiyar shekarun 1980, shi da Joseph Pleck da abokan aikinsu suka kasa kusancin uba kashi uku: hulɗa kai tsaye da yaro, da kasancewa a inda yaro zai same shi, da ɗaukar nauyin tsara al'amuransa. Kashi na ukun ne aka ga maza sun fi baya a cikinsa, kuma daga nan aka soma tambayar ko me yake hana su.

Amsa ɗaya da ta yi fice ita ce wadda ake kira tsaron ƙofa, wato kwatanta uwa da mai gadin da yake iya buɗewa ko rufe hanyar da uba zai bi ya kai ga ɗansa. Sarah Allen da Alan Hawkins na Jami'ar Brigham Young a Amurka sun fito da ma'anar kalmar fili a 1999, bayan sun yi nazarin mata 622 waɗanda su da mazajensu duk suna aikin albashi. Kimanin kashi 21 cikin ɗari na matan sun faɗa rukunin masu tsaron ƙofa, kuma sun fi sauran yin aikin gida da kusan sa'o'i biyar a mako. Masanan sun danganta halin da abubuwa uku: kafa ƙa'idoji masu tsauri a kan yadda za a yi aiki, da jin cewa mutuncin mace yana rataye da yadda ake ganin gidanta da 'ya'yanta, da imanin cewa reno aikin mata ne tun fil'azal.

Wannan fassarar ta fi mayar da hankali ga rufe ƙofa. Sarah Schoppe-Sullivan da abokan aikinta ne suka faɗaɗa ta a 2008, inda suka nuna cewa ƙarfafa gwiwa da suka abubuwa ne daban-daban, kuma uban da matarsa take ƙarfafa masa gwiwa ya fi sa hannu a hidimar jariri.

Yadda abin yake faruwa

Tasirin uwa ya fi bayyana a ƙananan abubuwa na makonnin farko bayan haihuwa. Jariri ya fashe da kuka a hannun ubansa, sai uwa ta yi wuf ta karɓe shi, ko kuma ta dakata ta bar uban ya lalubi hanyar rarrashinsa. Uba ya sauya kunzugu ya ɗaura shi a karkace, sai ta kwance ta sake ɗaurawa a gabansa tana tsaki, ko ta ce "haka ma ya yi" ta ci gaba da abin da take yi. Idan na farkon ya yi ta maimaituwa, uba yakan ja da baya, hannunsa bai saba ba, rashin sabon kuma ya zama hujjar ci gaba da karɓe yaron daga gare shi. Sau da yawa uwar ba ta yi da niyya ba. Gajiya da tausayin jariri ne suke sa ta.

Hanyoyin buɗe ƙofa da aka fi ambata sun haɗa da neman shawararsa a kan al'amuran yaro, da barin su su biyu na ɗan lokaci, da yabon ƙoƙarinsa, da faɗin alherinsa a gaban 'ya'ya. Bayan mutuwar aure tasirin yana ƙara ƙarfi, domin wanda yaro yake hannunsa shi ne yake riƙe da lokacin ziyara.

Misalin kusancin uba da ake yawan kawowa shi ne na mutanen Aka da ke dazuzzukan Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, waɗanda masanin al'adun al'ummomi Barry Hewlett ya zauna a cikinsu. Miji da mata suna fita farauta da raga tare, jariri yana yawo daga hannu zuwa hannu, kuma Hewlett ya gano cewa mazan suna ɗaukar jariransu fiye da na kowace al'umma da aka yi nazari. Ya danganta hakan da yawan haɗin kan ma'aurata a aikinsu na yau da kullum.

Dokoki da fafutuka

Mace ce, Sonora Smart Dodd, ta assasa bikin Ranar Uba a birnin Spokane na Amurka a 1910, don girmama mahaifinta da ya reni 'ya'yansa bayan rasuwar matarsa. Suwidin ta mayar da hutun haihuwa na mata ya zama na iyaye biyu a 1974, amma da yake ana iya bar wa uwa dukkan kwanakin, maza ƙalilan ne suka ɗauka. Norwe, a zamanin firaminista Gro Harlem Brundtland, ta keɓe wa uba makonni huɗu a 1993 waɗanda ba a iya miƙa wa uwa, Suwidin kuma ta bi sahu da wata ɗaya a 1995. Taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan yawan jama'a da ci gaba da aka yi a Alƙahira a 1994 shi ma ya yi kira ga maza da su ɗauki rabonsu na reno.

Saɓanin ra'ayi

Masu suka suna ganin maganar tsaron ƙofa tana ɗora wa uwa laifin sakacin uba, alhali sa'o'in aiki da talauci da ra'ayin uban kansa suna da nasu kaso. Ba a kuma daidaita a kan wanne ne yake fara zuwa ba, rufe ƙofar ko ja da bayan uban. Inda akwai duka ko shaye-shaye, ana ɗaukar nisanta yaro daga uba a matsayin kariya.