Tashi daga gida da yaro mai lalurar ƙafa a Abuja: amsoshin tambayoyinku

Aikina gashin ƙashi ne, kuma yawancin waɗanda nake dubawa yara ne masu shanyewar jiki. Duk sanda haya ta ƙare, tambayoyi iri ɗaya iyaye ke yi min. Ga amsoshin wuri guda, don Allah a karanta kafin a sake kira.

Bene ko ƙasa?

Ƙasa. Yaron da kike goyawa yau yana shekara 4, wata rana zai kai 12, kuma bayanki ne zai ɗauke shi. Kada a ruɗe ki da na'urar hawa bene, kin san halin wutar garin nan.

Me zan fara dubawa a gidan?

Ƙofar banɗaki. Ku bar kallon falo da silin. Ki tafi da tef ɗin tela, ki auna faɗin keken guragun yaron daga taya zuwa taya, sannan ki auna ƙofar. Idan ba ta kai santimita 80 ba, za ku sha wuya, kuma a gidajenmu ƙofar banɗaki ce aka fi matsewa. Ki zuba ruwa a tayil ki taka, ki ji santsinsa. Ki duba lambatun bakin get: katako aka ɗora ko siminti? Idan akwai matakala a bakin ƙofa, duk tsayin inci 1 yana buƙatar gangara mai tsawon inci 12, wato matakala mai inci 6 sai ƙafa 6. Birkila zai so ya taƙaita, kada ki yarda.

Sai mun gaya wa mai gida lalurar yaron?

Tun ranar farko. Me ake ɓoyewa? Ɗanku ne fa. Kuma da izininsa za ku zuba gangarar, ku kafa ƙarfen dafawa a banɗaki, don haka a rubuta a takardar haya kafin ku biya. Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutumin da ya nuna wariya, kamfani kuma naira miliyan 1.

Mun samu gidan ƙasa mai sauƙi a Mararaba, da wani a hawa na ɗaya a Garki kusa da asibiti. Wanne za mu ɗauka?

To, wannan ba ni da amsa guda. Na ce ƙasa, amma a nan sai an duba. Idan sau biyu a mako ake kai shi gashi a Babban Asibitin Ƙasa kuma ba ku da mota, ku tuna cunkoson Nyanya da safe a hanyar shigowa gari daga Mararaba. Uwa za ta fito tun asuba da yaro da keke, ta nemi tasin da zai yarda a naɗe keken a but, ta sauka a tsakiyar gari inda acaɓa ba ya shiga. Mako uku za ta jure, a na huɗu ta fara tsallake rana, kuma ba zan ga laifinta ba. In haka ne, yaron kuma bai yi nauyi ba tukuna, zama a bene na shekara ɗaya ko biyu zai iya fi, muddin akwai babba a gida kullum da zai sauko da shi. Amma idan ya girma, ko yana farfaɗiya har ana fita da shi da gudu cikin dare, bene ba nasa ba ne ko da kyauta ne. Sai ku nemi asibiti mai sashen gashin ƙashi kusa da gidan ƙasan, ku je da ƙafarku ku gani. Wasu kuma su koma ɓangaren Gwagwalada saboda asibitin koyarwa. Sannan ku ziyarci unguwar bayan an yi ruwan sama: layin da yake sumul da rani, da damina taɓo ne da tayar keke ke nutsewa. Ku tambayi ruwa ma, domin gidan da ake wanki kullum, kuɗin mai ruwa sai ya cinye rarar hayar. Baban yara, kada ka yanke kai kaɗai. Wadda za ta yi ɗaukan ita ya kamata a fara ji.

Mu kai shi wurin kakarsa har mu kintsa?

Kwana biyu ko uku, babu laifi. Amma na sha ganin an ce sai an kintsa, shekara ta zagayo yaro yana ƙauye, an daina motsa masa gaɓoɓi har sun sandare. Ƙannensa kun tafi da su, shi me ya yi?

Ranar tashin fa?

Keke, takalmin ƙarfe, magani da katin asibiti su kasance a hannunki, kada su shiga motar kaya. A fara haɗa gadonsa kafin komai.

Tunda muka tare yake kuka da dare. Ko iska ce a gidan?

Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, baƙunta ce. Yaron da ba ya iya zagaya gida da kansa ya fi jimawa kafin ya saba. Ki tura shi ɗaki-ɗaki ya gani, ki shimfiɗa masa zanen gadon da ya sani, lokacin abinci da na motsa jiki su tsaya yadda suke. Idan akwai zazzaɓi ko jijjiga, ku tafi asibiti a ranar.