Waiwaye: Asalin taƙaddamar sa ido kan masu harhaɗa magani a Amurka

Tun da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sanar a Fabrairun 2025 cewa ƙarancin semaglutide, sinadarin da ke cikin Ozempic da Wegovy, ya kau, ake ta ce-ce-ku-ce kan kantunan da suka riƙa haɗa kwatankwacin wannan allurar ta rage ƙiba. Wasu na cewa sun share wa masu ƙaramin ƙarfi hawaye. Wasu kuma na tambaya: wa yake shiga ɗakin da ake haɗa ta ya duba? Wannan tambayar ta haura shekara 25 ana yin ta.

Sana'ar kanta ba abin zargi ba ce. Yaro ya kasa haɗiye ƙwaya, sai mai harhaɗa magani ya mayar masa da ita ruwa. Wani jikinsa ba ya karɓar launin da kamfani ke sa wa ƙwayar, sai a haɗa masa marar launi. Mutum ɗaya, takardar likita ɗaya. Shi ya sa dokar abinci da magunguna ta 1938, wadda ta biyo bayan mutuwar mutum sama da 100 a 1937 saboda wani maganin ruwa mai guba, ta fi mayar da hankali kan masana'antu, aka bar kantuna a hannun hukumomin jihohi.

Inda ba a cika waiwaya ba shi ne tsakanin 1997 da 2008. A 1997 majalisa ta ƙara sashe na 503A a dokar, don a raba kanti da masana'anta. Sashen ya yafe wa kanti neman amincewar FDA kan abin da ya haɗa, amma da sharuɗɗa, ciki har da kada ya tallata wani takamaiman magani. Hikimar a fili take: wanda ke talla kasuwa yake nema, ba jiran takardar likita yake ba. Wasu kantuna suka garzaya kotu suna cewa an tauye musu 'yancin faɗar albarkacin baki. A 2001 kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta 9 ta yarda da su, ta kuma ce sharaɗin tallar ba ya rabuwa da sauran sashen, don haka duka ya faɗi. A Afrilun 2002 Kotun Ƙoli, da alƙalai 5 a kan 4, ta tabbatar da soke haramcin tallar, amma ba ta taɓa batun sauran sashen ba, tunda ba a kawo shi gabanta ba. A 2008 kotun shiyya ta 5 ta ce sauran sashen yana nan da ransa.

Sai ga doka ɗaya tana raye a Texas, Louisiana da Mississippi, ta mutu a California da sauran jihohin shiyya ta 9, ragowar ƙasar kuma ana lalube. Shari'ar farko kan talla aka yi ta, ba kan batun tsabtar ɗakin haɗa allura ba, amma a nan ɓarakar ta ɓulla. Wurin da ke cika dubban kwalabe yana aikawa asibitocin jihohi da dama yana iya riƙe da lasisin kanti, kuma ko sufeton tarayya na da ikon buɗe kundin bayanansa, wannan ma abin jayayya ne.

A 2012 gurɓatacciyar allurar ciwon baya da irin wannan wurin mai lasisin kanti ya haɗa, wadda ake yi a gadon baya, ta haddasa sanƙarau na ƙwayar fumfuna da wasu cututtuka. Mutum 753 suka kamu a jihohi 20, 64 suka rasu.

A Nuwamban 2013 aka sa hannu kan sabuwar doka. Ta cire sharaɗin tallar daga 503A, sashen ya koma aiki a ko'ina, ta kuma ƙirƙiro 503B don masu haɗawa da yawa: su yi rajista da FDA, su bi ƙa'idojin masana'anta, a riƙa zuwa duba su. Sai dai rajistar ganin dama ce. Wanda ya zauna a 503A, hukumar jiharsa ce kan gaba wajen duba shi, kuma jihohi 50 ba ƙarfinsu ɗaya ba. Dokar ta kuma bar damar haɗa kwatankwacin maganin kamfani muddin yana cikin jerin waɗanda suka yi ƙaranci. Ta wannan ƙofar allurar rage ƙiba ta shigo a 2022.