Kafin ayarinku ya tasar wa ƙololuwar dutse a lokacin zafi

Da zarar zafi ya kama, ƙanƙara ta fara ja da baya a kan manyan duwatsu, sai masu hawa su fara haɗa ayari. A matsayina na ma'aikaciyar lafiya, abin da ya fi tayar mini da hankali a wannan tafiya shi ne ciwon tsauni, da yadda kunya ke sa mutane su ɓoye shi.

Daga mita 2,500 zuwa sama jiki yake fara jin ƙarancin iska. A wajen mita 5,500, oksijin da mutum ke samu a kowane numfashi kusan rabin na bakin teku ne, ga shi kuwa ƙololuwar dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya ta kai mita 5,895. Ciwon kan fara da ciwon kai, sai tashin zuciya, jiri, kasala da rashin barci. Ƙarfi ko ƙuruciya ba sa hana shi. Sau da yawa ma majiya ƙarfi ne ke faɗawa, domin su ne masu saurin hawa.

To a cikin ayari, wa zai so a ce shi ya ja mutane baya? An kashe kuɗi, an ɗauki hutu, kowa na ɗoki. Sai mutum ya haɗiye maganin ciwon kai ya yi shiru, har abin ya kai inda ba a so. Don Allah, tun kafin ku tashi ku zauna ku yi yarjejeniya: duk wanda ya ji ciwo zai faɗa, kuma babu mai ganin laifinsa. Kowa ya sami abokin da zai riƙa lura da shi, a kuma yi tafiya da takun wanda ya fi kowa rauni.

Mai ciwon kai da tashin zuciya kada ya ƙara hawa sai ya warware. Amma in kun ga mutum yana tangaɗi, ko ya ruɗe yana magana ba kan gado, ƙwaƙwalwarsa ce ta fara kumbura. In yana haki ko a zaune, yana tari da kumfa mai ja-ja, ruwa ne ke taruwa a huhunsa. Waɗannan biyun suna kisa cikin sa'o'i. A sauko da shi nan take, ko da tsakar dare ne, kuma kada a bar shi ya sauka shi kaɗai.

Riga-kafin shi ne hawa a hankali. Bayan mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, sannan a huta yini guda bayan kowane kwana uku ko huɗu. Akwai maganin acetazolamide, amma sai da shawarar likita.

Zafin da kuka baro a ƙasa kada ya yaudare ku, don kowace mita 1,000 sanyi na ƙaruwa da kusan digiri 6. Ku tafi da kayan sanyi, tabarau, man kare fata da isasshen ruwa. Haka kuma da rana ta take ƙanƙara kan saki, duwatsu su gangaro, hadari ya haɗu da tsawa. A Yulin 2022 ɓallewar ƙanƙara a dutsen Marmolada na Italiya ta kashe mutum 11. Shi ya sa ake tashi tun kafin asuba. Ku tsayar da lokacin juyawa tun a sansani, in ya cika ku juya gaba ɗayanku, ko da kuna hango ƙololuwar.